Askar Tsohon Wanzami

Tun da ciwo ya kwantar da tsohon wanzami, abu ɗaya ya roƙi autansa: ya yi masa aski da askarsa ta da kafin ya tafi. Auta ya tono ta a ƙasan akwati, ya ga tsatsa ta cinye ta har ƙota. Ya ruga kasuwa duhu na shigowa, ya tarar mai washi ya tashi. Sai ya durƙusa bakin rumfar, yana gurza ta a dutsen washin da aka bari waje, yana share hawaye da kafaɗa. Tsatsar ko gezau.

"Haka za ka kashe mata baki," in ji wata murya a bayansa. "Kawo."

Wani mutum ne lulluɓe da mayafi. Auta bai ji takunsa ba, sai ƙamshin man zafin nan da ake shafa wa mai jinya. Mutumin ya ɗiga ruwa a dutsen, ya kwantar da askar, yana ja a hankali har bakinta ya fara walƙiya. Da ya miƙo ta, ƙotar sanyi ƙalau, kamar ba daga hannun mutum ta fito ba.

"Allah ya saka, baba. Bari in yi sauri, mahaifina na jirana."

"Saurin me kuma, auta?" Mutumin ya zauna kan benci, ya zame mayafin, ya sunkuyar da kai. "Yi a nan. Ka dai kula da tabon bayan kunnen nan, kullum sai ka fama min shi."