Ƙararrawar da Bamalli Bai Kaɗa Ba

Maciji ya sari Luba da almuru, mai maganin dafi kuwa yana can ƙauyen Maje. Ubanta Bamalli, masinjan En'e, ya haye kekensa ya yanke ta kwazazzabon bayan gari, domin hanyar mota ta yi zagaye da yawa.

Kowa ya san ba a gangara kwazazzabon nan sai an kaɗa ƙararrawa, don mutanen ɓoye masu wurin su janye 'ya'yansu daga turba. Bamalli bai kaɗa ba, hankalinsa na kan ƙafar Luba da ke kumbura. A tsakiyar gangara taya ta bi ta kan wani abu mai laushi, bai ko waiwaya ba.

Da ya isa ƙasa, turbar ta ɓace masa. Duk inda ya nufa ƙaya ce, kwaɗi kuma sun yi tsit. Sai ga wata mata zaune kan dutse, da yaro kife a cinyarta.

"Baiwar Allah, don girman Allah ina mahaurar Maje? 'Yata na bakin mutuwa!"

"Ɗana ma haka," in ji ta, leɓenta bai motsa ba.

Ya juyo da fitilar keke. A gadon bayan yaron ga sawun taya ɗanye, har da shatin ɗinkin da ya yi wa tayarsa da safe.