Ɗaki Mai Taga Biyu

Hannunsa ta fara gani kafin fuskarsa. Daga ramin kwatar bayan gidansu ya fito, riƙe da curin gashi da tsumma, baƙi ƙirin, yana ɗiga. Faratan kuwa, kowanne da tasa ajiyar a ƙarƙashi. Auta, da ta yi wata shida tana koyon gyaran farce, ta toshe hanci.

Sai mai hannun ya ɗago kai ya yi mata murmushi. Abin haushi, yana da kyau.

Mai gyaran famfo ne da Abba ya kira. Ita kuma ta zagayo auna siton da ke jikin banɗaki, inda take shirin kafa teburinta. Ya shinshina bangon ya ce kada ta kuskura, bututun masai ne ya fashe a ciki, ga ba taga, warin maganin goge farce kaɗai zai kayar da ita. Ta ce ba ta nemi shawara ba. Tana jan wani tsohon kwali kyankyasai suka watso mata a ƙafa, ta yi waje a guje da takalmi ɗaya.

Shi ya wanko ɗayan ya kawo mata, ta karɓa da yatsa biyu. Lambar wayar da ya bari ta ajiye ta da sunan Ƙazami.

Sito ya fita daga lissafi, ɗakin kwana su uku ne ita da yayyenta, falo kuma Umma ta ce a kai kasuwa. Sai Auta ta yi dabarar da ba dabara ba, ta koma teburin cin abinci. Kwana tara lafiya lau, ban da ƙurar farce da ke kwanciya a kan gwangwanin sukari. Rana ta goma wata kwastoma ta zo da farcen ƙafa mai kauri, rawaya. Auta ta datse, guntun ya yi tsalle, ta nema ta rasa.

Abba ne ya same shi da yamma, a kurɓar shayinsa ta ƙarshe, tsakanin haƙora.

Kwana biyu bai ci komai a gidan ba. Da ya iya magana, ya ce muddin yana raye ba mai ƙara taɓa ƙafar wani a ƙarƙashin rufinsa. Auta ta tattara kayanta cikin kwali tana kuka.

Washegari saƙo ya shigo daga Ƙazami: “Gimbiya, Umma ta ba ni labarin shayi. Sana'arki ba ta yi laifi ba, wuri ne ba ki samu ba. Taga, ruwa, da ƙofar da ba ta kallon kicin, shi ke nan.”

Ta rubuta: “Fara yanke farcenka kafin ka yi mini wa'azi.”

“Ƙwararriya nake jira.”

A bakin titi ta yanke masa, kan benci, da safar hannu biyu-biyu, tana yatsina fuska tana tsaki. Shi kuwa ya zauna yana kallonta. Kafin wata ya ƙare sunan ya koma Ƙazamina, kuma ba ta iya barci sai ta ga saƙonsa.

Abba dai zaɓinsa daban, mai shagon magani, tsaf-tsaf, hannu kamar na jariri. Ranar da ya zo zance ya ce da zarar sun yi aure ta gama da ƙafafun mutane, ya faɗa yana goge yatsunsa da turare. Auta ta ji ƙyamarsa fiye da ta kwatar bayan gida. Da ta ambaci mai famfo, Abba ya ture kwanon gabansa ya ce shi ba zai haɗa zuri'a da mai kwasar ƙazantar jama'a ba, wadda ya tauna ta ishe shi.

Wata uku kwalin nan na ƙarƙashin gado, kwalaben jan farce na bushewa. Sai mai famfo ya zo ya durƙusa, ya roƙi Abba abu ɗaya: ya je ya ga gidan da ya kama, in bai yi masa ba, shi mai famfo zai haƙura da Auta har abada.

Abba ya tafi neman aibi, Auta da Umma na biye. Ɗaki biyu ne. Babban mai taga biyu, an kafa masa wurin wanke hannu, da fanka mai zuƙe ƙura, da tebur, an kuma fasa masa ƙofarsa ta waje. Ƙaramin, gado ma da ƙyar zai shiga.

“To ku a ina za ku kwana?” in ji Abba.

Mai famfo ya nuna ƙaramin. “Barci ido rufe ake yin sa, Abba. Ita ce ke buƙatar haske.”

Abba ya daɗe tsaye a bakin taga. Da ya juyo, ba saurayin ya kalla ba, 'yarsa ya kalla.

“Shekara ashirin da uku kina gidana, ko kusurwa ban ba ki ba,” ya ce a hankali. “Allah ya yi muku albarka, ku da ɗakin duka.”

Bayan sati shida aka ɗaura aure. Kwalin nan ne ya fara shiga gidan, kafin gado.