Ranar da Labarin Kuluwa Ya Ɓace

Ka taɓa ɓata abin wani alhali ba wanda ya gan ka?

A wata makaranta akwai kwamfuta guda ɗaya tak. Ran nan, lokacin hutun tara, wata yarinya ta tarar ƙawarta Kuluwa ta bar labarinta a buɗe ta tafi shan ruwa. Labarin gasa ne, ranar za a aika shi, kuma kwana uku Kuluwa ta yi tana buga shi da yatsa ɗaya.

Yarinyar ta taɓa jin cewa in aka danne madannin Ctrl aka taɓa harafin A, rubutu duka yakan yi shuɗi. Ta danne, ta taɓa, ya yi shuɗi. Sai hannunta ya bugi wani madanni, shafi ya koma fari fat.

Ta dubi hagu, ba kowa. Ta dubi dama, ba kowa. Zuciyarta ta ce, "Sulale, wa ya sani?" Ta miƙe, amma wajen Malama ta nufa.

Ta ce, "Malama, na goge labarin Kuluwa. Karambanina ne."

Malama ta ce, "Kin rufe shafin?"

"A'a."

"To, uwar karambani, zo ki gyara da hannunki. Danne Ctrl, ki taɓa Z."

Ta danne, ta taɓa. Labari ya dawo, ko harafi bai yi ciwon kai ba.

Malama ta ce, "Da kin gudu, wani ya zo ya buga nasa ya adana, da shi ke nan."

Kai ma in ka samu kwamfuta, rubuta sunanka ka goge, ka dawo da shi da Ctrl da Z. Sannan ka koya wa na kusa da kai.