Hannun Da Ya Fito A Hoto

"Hannun wane ne wannan, Khairiyya?!"

Baba ya miƙo min waya har tana taɓa hancina. Hoton da na saka ne a gasar ɗaukar hoton ƙwari ta intanet, malam-buɗe-littafi rawaya zaune a kan yatsan namiji, ga zoben azurfa ya fito ras.

"Na Muhsin ne, Baba..."

"A gona, ke da shi kaɗai? Tun ba a ɗaura ba?"

Sa'adiyya 'yar kawuna ce ta tura masa, ta yi tsaye a bakin ƙofa tana wani sunkuyar da kai kamar ta Allah. Ta daɗe tana son Muhsin, duk gidan an sani.

"Yau yayanki Yakubu zai mayar musu da kayan sa ranarsu can garin Babura," in ji Baba. "Na gama magana!"

Na faɗa ɗaki ina kuka, na kira Muhsin.

"Masoyi, na shiga uku, za a raba mu..."

"Ki faɗa masa gaskiya mana, zuciyata! Ai mu uku ne."

"Ba zan iya ba. Na rantse mata."

Hajja Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ja mu gonar wakenta ta hanyar Roni. Tun da gwiwarta ta kumbura Baba ya hana ta zuwa, ita kuwa ba ta iya sati ba ta ga wakenta ba. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba, hotunan da gyalenta ya fito ma sai da ta tsaya a kaina na goge. Guda ɗaya ya rage, shi ne kuma ya kashe ni.

Ina jin Yaya Yakubu ya tayar da babur, na fito ba ko ɗankwali na zube gaban Baba.

"Don Allah, Baba, wallahi ban aikata komai ba!"

Ko kallona bai yi ba. Babur ya fice.

Sai ga ƙwas-ƙwas ɗin sanda daga ɗakin Hajja.

"Daudu," ta kira Baba da sunansa, "ni na kai su. Yaron nan da hannu ɗaya yake riƙe da ni, ɗayan ƙwaro ya sauka a kai. In akwai wadda ta keɓe da shi, ni ce, mijina ne ai."

"Hajja, da wannan ƙafar kika je gona?"

"Na je, gobe ma zan koma! Yarinya ta gwammace ta rasa miji da ta tona min asiri, kai kuma ka rasa wa za ka yarda da shi sai mai kawo gulma?"

Sa'adiyya ta sulale. Baba ya daɗe yana dubana, sannan ya danna waya.

"Yakubu, kana ina? Juyo da kayan nan gida."