Kitson da Ya Tsufa a Ɗakin Mata

Da hantsi aka kira caji ofis daga asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa, na kuɗin nan da ke bayan tasha. Wai wata tsohuwar majinyaciya da ake kira Mai Kitso ta karye a ƙugu, wai kuma abokiyar jinyarta, Malama, ita ta turo ta daga bene.

Sufeto ta zo da kofur ɗinta. Ta san gidan, don a nan aka yi jinyar mahaifiyarta zamanin tsohon likita, Allah ya jiƙansa. Lokacin ƙofofi a buɗe suke. Akan shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiya, Mai Kitso ta sa kan mace tsakanin gwiwoyinta tana waƙa, masu jiran layi suna gulmar mazajensu. Yanzu an sare bishiyar, motoci ke kwana a wurin.

Babbar nas, wadda kowa ke ce wa Sista, ta tare su da fara'a har da ta sayarwa.

"Ranki ya daɗe, kullum tana barandar sama tana yi wa mata kitso. Jiya ma haka. Malama ce ta hankaɗo ta. Ku tafi da ita kawai."

"Kin gani da idonki?"

"Kamar yadda nake ganinki."

Sufeto ta tura kofur asibitin ƙashi ya dubo tsohuwar, ita kuma ta sa aka buɗe ɗakin da aka kulle Malama.

"Baba, ke kika ture ta?"

"'Yar nan, in ture ta wa zai yi min kitso? Dubi kaina, sai ka ce sheƙar kaza."

Ta zame ɗankwali. Kitson ya tsufa, ya cukurkuɗe, ya yi gashin ƙasa. Sufeto ta bi sauran mata majinyata tana roƙonsu su buɗe kai. Kaf babu mai sabon kitso.

A ɗakin Mai Kitso, Sufeto ta durƙusa gaban gado. Fentin ƙarfen ya goge a gefe biyu, daidai inda hannu ke kwanciya. Ƙarƙashin katifa ga yagaggen zane an murɗe shi kamar igiya.

Kofur ya dawo yana haki. "Ranki ya daɗe, ba ta magana. Amma wuyan hannunta duk sawun ɗauri ne, wani ya warke, wani ɗanye."

Sufeto ta ajiye zanen a teburin Sista.

"Wa ta yi wa kitso jiya? Nuna min kai ɗaya."

Sista ta hau gyaran hula.

"Ina kibiyar kitsonta?"

Sista ta jawo durowa. Ga kibiyar, ta yi santsi don tsufa.

"Tsini gare ta, na ji tsoron ta soki wani, na ƙwace," in ji Sista. "Tun daga ranar ta ƙi zama, tana bin ɗakuna tana nema. Mu ma'aikata kuma an rage mu, wa zai bi ta? Sai na riƙa ɗaure ta. Jiya ta kwance hannu ɗaya, ta faɗo daga gado."

"Shi ne kika liƙa wa Malama."

"Na ga ba mai jin maganarta."

"Ni na ji. Kofur, sa mata ankwa. Mai asibitin ma ya same mu a ofis."

Aka fita da ita matan na leƙe ta taga. Malama ta ɗaga murya: "Sista, a sauka lafiya, a gaida masu tsefe miki kai!"

Da la'asar Sufeto ta je asibitin ƙashi, ta sa wa Mai Kitso kibiyar a hannu. Tsohuwa ta jujjuya ta, ta dubi hular 'yan sanda, ta ce, "Cire."

Sufeto ta cire, ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da gado.

"Kai irin na uwarki," in ji Mai Kitso, "ga tauri." Ta fara tsaga.