Furen Hamdara a Cikin Gilashi

Ranar da abin ya fara ina zaune a tsakar gida ina goge akwatin hoto, ladan yana gyaran murya zai kira magariba a masallacin unguwarmu ta Zango. 'Yata Barira tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Sai wani abu ya faɗo cikin garin da take tankaɗewa. Ta ɗauka ta nuna mini. Fure ne ɗanye, da raɓa a jikinsa, alhali muna tsakiyar bazara, ko ciyawa babu a Damagaram.

Na san furen. Na duman rafi ne, na kuma san inda na taɓa ganin irinsa.

Sunana Illa mai hoto. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Hoton katin shaida ne ke ciyar da ni, amma in damina ta yi nisa nakan hau kamyo, babbar motar kaya, da akwatina in bi ƙauyuka neman gonaki masu fure: gyaɗa a Gaffati, riɗi wajen Takieta, bado a tafkuna. Baturen gona yakan sayi hotunan, ko bai saya ba ma zan je. A kasuwa mai hoton ciyawa suke ce mini.

Shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan ci gaba da zama ƙarƙashin Turawa, matata Ramlatu ta bi ni Hamdara gaida danginta. Da hantsi muka iske wani kwari a bayan gari, duman rafi ya shimfiɗe shi kaf, ba huda, ba sawun dabba. Ramlatu ba ta taɓa yarda na ɗauke ta ba, takan ce ba za ta zauna a bango baƙi suna kallonta ba. Ran nan da kanta ta tuɓe takalmi ta shiga.

"Yi sauri, mai hoton ciyawa, kafin in sake shawara."

Na rufa baƙin zane, na ɗauka. Tana dariya, wushiryarta a waje. Sai ga wani tsoho da hauya yana ɗaga mana hannu daga nesa. Ya ce kwarin yana da masu shi, ba a nomansa, ba a shiga. Muka ba shi haƙuri muka tafi.

Kafin wata damina zazzaɓi ya ɗauki Ramlatu. Abin da ya rage mini na fuskarta shi ne gilashin da na ɗauki hoton a kai, da takarda ɗaya da na wanke na rataye a ɗaki. Barira takan tsaya gabanta kowace yamma, har ta manna goshinta a jiki.

Daga ranar furen nan, kowace magariba sai ya zubo. Daga baya tsakuwa ta biyo, jiƙaƙƙiya, mai warin fadama. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Sannan Barira ta kasa fita. In ta kai bakin zaure sai ƙafarta ta ƙage, ta tsaya tana kallon titi, hawaye na zuba. Na ɗauke ta cak zan fitar, ta yi mini nauyi kamar turmi cike da ƙasa, dole na dire ta. Ta daina barci. Ido buɗe take kwana, tana cewa rana ta yi mata yawa.

Ni ma na daina fita. Na rufe shago. Mu biyu a gida, muna jin hayaniyar gari ta bayan katanga, ana ta koya wa yara waƙar 'yancin kai.

Wata yamma na dubi hoton da kyau, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A bayan kafaɗar Ramlatu furannin sun kwanta, kamar wani yana zaune a kansu.

Na aika a kira Malam Bukar, wani Babarbare na unguwar Birni da ya san irin wannan aiki. Ya zo bayan la'asar, ya shimfiɗa buzunsa, ya sa Barira a gaba, ya yi ta karatu a hankali har inuwa ta rufe tsakar gida. Furen ya fara zuba. Barira ta miƙe wuya, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Malam, rage wuta. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Wace ce ke?"

"Mai kwarin Hamdara. Ina zaune a ƙofar gidana ina shan hantsi, wannan ya buɗe idon akwatinsa ya haɗiye ni."

"Me ya haɗa ki da yarinya?"

"Ita ta kawo goshinta. Ta nan kaɗai na samu kafa. Malam, a cikin gilashin nan rana ba ta faɗuwa, fure ba ya rufewa. Hantsi ɗaya nake ciki tun ran nan. In ban fita ba, ita ma ba ta fita."

Na ji bakina ya tambaya, ba da shawarata ba: "Ke kika kashe mini mata?"

"Kwananta ne ya ƙare. Ni ma na yi kewarta, ita ce maƙwabciyata a ciki."

Malam ya tambaye ta abin da zai sake ta. Ta ce a kai gilashin da takardar kwarin da hantsi, a wanke su da ruwan wurin har su fita fes. Kada a ƙona, kada a fasa. Wanda ya ɗauka shi zai wanke.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni da wani hoton Ramlatu. A kankare gefen da tsohuwar take kawai."

"Ba ta da gefe," in ji Malam. "Duk gilashin take."

Sai Barira ta juyo ta dube ni, muryar ta sauya.

"Mai hoton ciyawa."

Muryar Ramlatu ce, har da ɗan karyewar da take yi a ƙarshe.

Muryar tsohuwar ta dawo. "Na daɗe kusa da ita, na iya. In ka ga dama bar ni a nan. Ka riƙe hotonka, kullum magariba in yi maka hira da bakinta. Na saba da zaman."

Malam ya bar mini zaɓi. Na dubi 'yata. Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun tsage, ƙafafunta sun kumbura don rashin tafiya. Allah ya san abin da ya ratsa zuciyata.

Na ce, "Gobe zan kama hanyar Hamdara."

Malam ya sa tsohuwar ta rantse za ta saki yarinyar, ta rantse. Barira ta kife a kan buzun.

Na isa kwarin da hantsi. Duk karkara ta bushe, shi kaɗai ke shimfiɗe da fure. Na yi sallama, na durƙusa bakin wani ɗan ruwa da ke tsakiya. Takardar ta jiƙa, na murje ta har ta dagargaje. Gilashin ya fi wuya. Da ya sha ruwa na sa babban yatsa ina turawa, baƙin yana tashi kamar yanar madara. Na fara da sama, na bi furanni, na bi zanenta, na bi hannuwanta. Fuskar na bari ƙarshe. Na kalle ta iya kallona, sannan na sa yatsa.

Iska ta taso daga ruwan, ta bi ta kan furannin. Ina kallo suka rufe ɗaya bayan ɗaya, tun rana ba ta yi tsaka ba.

Da na sauka daga kamyo na shigo unguwa, na hango Barira zaune a dakalin waje, ƙafafunta a kan titi. Maƙwabciyarmu ta ce tun da na tafi take barci, ɗazu ta tashi ta ce yunwa.

"Baba, ina Inna?"

Na ciro gilashin daga aljihu na miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya, ba komai. Sai ta ɗaga shi daidai fuskarta ta leƙo ni ta ciki, ta yi ɗan murmushi. Ban taɓa lura tana da wushirya irin ta uwarta ba sai ran nan.

Na karɓi gilashin, na ce ta shiga ta ɗora mana tukunya.