Ruwan Baƙo a Rijiyar Tungar Kwalli

Wa ya gaya muku takarda ba ta kisa? Ku matso, ƙannena, ku rage murya.

Namadi ma'aikacin gwajin ruwa ne. Aikinsa ya ɗebo ruwan rijiya da na rafi da na famfo, a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai gubar dalma. Tungar Kwalli, inda ake niƙa dutsen zinariya, ta yi masa nisa. Sai ya riƙa cika kwalaben da ruwan famfon gidansa, ya manna wa kowace sunan rijiya. Sakamako ya fito: ruwa lafiya lau. Damina biyu yara suna sha, suna jijjiga, ana binnewa.

Da ƙorafi ya yi yawa, aka tilasta masa zuwa. Ya isa da tsakar rana, shi kaɗai. Gari tsit. Ko kaza babu.

A bakin rijiya wata mata tana jan guga. Zaninta sharkaf, yana ɗiga, amma ƙasar a bushe. Akwai goyo a bayanta. Ba ya motsi.

"Sannu da aiki, Inna."

"Sannu, mai kwalabe. Mun daɗe muna jiranka."

Bakinta bai buɗe ba. Daga cikin rijiya muryar ta taso.

Ta miƙo moɗa. "Baƙo ba ya wuce mu bai sha ruwa ba."

"Na gode, Inna. Azumi nake yi."

"Da goro a bakinka?"

Kunya ta sa ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafunta. Kofato ne.

"Kai ka rubuta ruwan nan yana da kyau," in ji ta. "Uwani ta sha. Ɗantala ya sha. Wannan na bayana ko yaye ba a yi masa ba. Saura kai."

Ya sha. Ta sake cikawa. Moɗa bakwai, ɗaya ga kowane kabari.

Ya koma gida da ransa, kuma ni ban tausaya masa ba. Har yau, duk ruwan da ya kai baki, ƙarnin ƙarfe yake ji. Hannunsa na dama yana karkarwa, ko biro ba ya iya riƙewa.

Amma wannan ramuwa ba ta dawo wa uwa ko ɗaya da ɗanta ba. Saboda haka ku ji ni: ranar da mai gwaji ya zo garinmu, kada ku bar shi ya kama hanyar rijiya shi kaɗai. Ku bi shi. Ku tsaya a kansa, ku ga ruwanku ya shiga kwalba da idonku.